Katin Habu Gola

Na san abin da kuke gaya wa mutane idan an tambaye ku dalilin da ya sa na bar kwaleji tun lokacin ritayata bai yi ba. Kukan ce Baba gaskiya ya faɗa aka kore shi. Na ji Zainabu tana faɗa wa ƙawayenta ranar sunan ɗanta, na ji Kabiru yana faɗa wa surukinsa, kuma duk lokacin da na ji sai zama ya gagare ni, in tashi in zaga bayan gida kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Ba ƙarya kuke yi ba, abin da aka gaya muku ke nan. Amma rabin zancen ne, rabin da ya fi daɗin ji. Tun da yanzu gwiwa ta hana ni yawo, ido kuwa bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku ɗaya rabin da hannuna.

Shekara goma sha huɗu na yi ina horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza a kwalejin. Ba zan ambaci sunanta ba, domin waɗanda suke cikinta yau ba su da hannu a abin da ya faru. 'Yan wasana kusan duk 'ya'yan manoma ne daga ƙauyukanmu na nan arewa da Kano. Da safe suna aji, bayan La'asar suna fili, ranar Juma'a kuma da an sauko masallaci sai ka neme su ka rasa, kowa ya tafi taya babansa noma. Da damina nakan san wanda ya yi noman fari a ƙarshen mako tun daga yadda yake gudu ranar Litinin. Filinmu ma gonar gero ce ta kewaye shi ta gabas, idan ƙwallo ta faɗa ciki sai an tsayar da wasa an shiga laluben ta. Takalma ba sa isa, wanda aka canza yakan cire nasa a bakin layi ya miƙa wa mai shiga, da ɗuminsa. Amma ina da doka ɗaya da kowa ya san ni da ita: wanda ya faɗi jarrabawa ba zai saka min riga ba. Ina alfahari da wannan doka, ina faɗin ta a gaban iyaye, ina faɗin ta a taron malamai. Ku riƙe wannan, don ku san irin mutumin da na ɗauki kaina.

Mai tsaron ragarmu a lokacin wani yaro ne, Habu, daga wani ƙauye gaba da Kunci. Kowa Habu Gola yake kiran sa, har malamai. Ba dogo ba ne, kuma wannan ne aibinsa ɗaya, ƙwallon sama takan ba shi wahala. Amma ba shi da tsoro ko kaɗan, yakan faɗa ƙafafun ɗan gaba da kansa kamar mai kama ɗan rago. Shi ne na farko a gidansu da ya wuce sakandare, yana shekarar ƙarshe, saura wata huɗu ya rubuta jarrabawar fita. Shekara uku yana tsaye mana a raga, rana da ruwan sama. Shi ya kaɗe mana fenareti biyu a wasan da ya kai mu zagayen ƙarshe na gasar kwalejoji, abin da kwalejin ba ta taɓa samu ba.

Mako biyu kafin mu tafi gasar, shugaban sashen wasanni, wanda muke kira Darakta, ya aiko a kira ni. Na same shi da wani zabgegen saurayi a zaune, hannuwansa kamar faifai. Darakta ya sallami saurayin, ya rufe ƙofa.

"Malam Ilyasu, ka ga wancan? A wani kulob yake kamawa a cikin birni. Shi zai tsaya mana a raga."

Na ce ai ba ɗalibinmu ba ne.

"Waɗanda za ka je ka tarar, ɗalibai ne? Kowa da 'yan hayarsa yake zuwa. Kai kaɗai za ka je da gajeren gola, a yi ta zuba mana ta sama? An riga an aika sunaye, ba a canzawa. Katin yaronka kawai muke so, a canza hoto. Kwana goma ne, a mayar masa da abinsa."

Da zan ce muku tilasta min aka yi, da na yi ƙarya. Na yi gardama, amma gardamar mai so a rinjaye shi. Shekara goma sha huɗu ina cin ƙurar fili, ba kofi ko ɗaya a ofishina. Abokan da muka yi kwas tare wasu har an ɗauke su horar da ƙungiyoyin jiha. Na ga hannun saurayin nan, na tuna ƙwallayen saman da suke wuce Habu, zuciyata ta riga bakina amincewa.

Bayan atisaye na kira Habu ƙarƙashin darbejiyar bakin fili. Ya zo yana cire safar hannu da haƙori, yana murmushi, ya ɗauka wata dabara zan koya masa. Na yi masa bayani, na lulluɓe zancen da sunan kwaleji da mutuncin ƙungiya. Ya saurare ni har na gama, idonsa a ƙasa.

"Koci, kai ma haka ka gani?"

"Haka na gani."

"To, shi ke nan."

Ya buɗe jakarsa ya ciro katin shaidarsa na ɗalibi, ya miƙo min da hannu biyu. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya bi mu. Ya bi mu kuwa. Ya zauna cikin 'yan kallo da rigar gida, ana kiran sunansa da na mahaifinsa a lasifika, wani yana ɗaga hannu. Mun ci wasa biyu. A na uku wani ɗan wasan ɗaya ɓangaren ya gane saurayin, ashe unguwarsu ɗaya a birni. Kafin mu bar fili an shigar da ƙara. Washegari aka cire mu daga gasar, aka aika wa kwaleji takarda mai zafi, ana neman ta hukunta wanda ya aikata.

A mota kan hanyar dawowa Darakta ya gama tsara abin da za a ce. Wai yaron ne ya ba abokinsa kati ranar tantancewa, mu jami'ai ba mu farga ba sai da aka fara wasa, muka yi shiru don gudun abin kunya. Ko ɗan firamare ya san wannan zance ba shi da ƙafa. Amma kwamitin da aka kafa ba gaskiya yake nema ba, suna yake nema da zai rubuta a takarda. Ranar zaman ina ciki, kujerata na kallon ƙofa. Aka shigo da Habu. Shugaban kwamiti ya tambaye shi wa ya ce ya ba da katinsa. Ya ɗago ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, irin kallon da yakan yi min ne daga raga idan za a buga fenareti, yana jiran in nuna masa ɓangaren da zai faɗa. Na sunkuyar da kai ina gyara biro a aljihu.

"Ni na bayar," in ji shi.

Aka kore shi daga kwaleji. Ni da Darakta aka ba mu takardar gargaɗi a kan sakaci.

Daga ranar ban ƙara sanin daɗin zama wuri ɗaya ba. Lokacin muna gidan malamai a cikin kwaleji, ku manyan za ku tuna baranda mai ƙarfe da bishiyar gwaiba. In na shiga ɗaki sai in ji ya yi min kaɗan, in na fito baranda sai in ji kowa ni yake kallo. In je ofis, in buɗe fayil, in rufe, in fita. In zaga fili sau biyu, sau uku, ba ƙwallo ba usur. Abinci in sa hannu in cire. Har a salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Sau uku ina hawa mota zuwa Ɗambatta da niyyar in wuce Kunci in ga mahaifin yaron. Sau ukun ina sauka a tasha, in tsaya ina kallon motar Kunci tana cika, kwandasta yana kiran saura mutum ɗaya, har ta tashi ban shiga ba. In sayi rake ko ɗan tsire don a ce wani abu ya kawo ni, in juyo gida.

Mahaifiyarku ta sani tun daga ranar farko, ban ɓoye mata ba. Da fari tsoro ne ya kama ta, kuma ba na ganin laifinta. Ku bakwai ne, Kabiru yana shirin jarrabawar gama sakandare, auta tana goye.

"Abin da ya faru ya riga ya faru," ta ce. "Ka yi istigfari, ka nema wa yaron wata makaranta a hankali. In ka tona, ina za mu?"

Yayana Musa ma da ya zo daga ƙauye ya ji, hularsa ya cire ya ajiye a gwiwa.

"Ilyasu, kai kaɗai ne mai albashi a gidanmu. Yaron nan manomi ne ɗan manomi, gona ba ta kore shi ba. Kai in aka kore ka, fartanya za ka iya? Bakin da ya yi shiru ba ya jawo wa kai duka."

Na riƙe maganarsa kamar laya, na koma fili ranar Litinin na busa usur. Yaran suka taru, ba wanda ya fasa zuwa, suka gaishe ni yadda suka saba. Aka yi gudu, aka miƙe jiki. Da aka zo raba wasa na ce wa mai tsaron gida na biyu ya shiga raga. Bai motsa ba. Na maimaita. Sai kyaftin ɗinmu, wani yaro mai sanyin hali da bai taɓa ɗaga min murya ba, ya matso.

"Koci, ka yi haƙuri. Ragar nan tana da mai ita."

Haka suka buga ranar, raga ɗaya a buɗe ba kowa. Kuma duk wanda ya zo gabanta da ƙwallo sai ya juya ya mayar da ita baya. Washegari haka, jibi haka. Ba zagi, ba ƙin gaisuwa. Ni da na koya musu tsayuwa a layi, ga shi sun tsaya a layi sun bar ni ni kaɗai a waje.

Ranar Juma'a ta biyu na tafi ƙauye gaida Inna, kakarku. Lokacin kaka ta kama, an fara yankan gero, tana tsakar gida tana ɓarar wake a faifai. Yaya Musa ya riga ya gaya mata. Na gaishe ta, na zauna, na tashi, na leƙa rumbu, na dawo, na sake tashi.

"Kai, zauna mana, ka sa min jiri," ta ce. Na zauna. Ba ta dube ni ba, hannunta na cikin wake. "Yaron nan yana da uwa?"

Na ce tana raye.

"To, tana can tana tambayarsa me ya yi, shi kuma yana rufa maka asiri. Ɗan mutane ya fi ka kunya." Ta kaɗe faifan. "Musa ya ce kai ne mai ciyar da mu. Kafin ka fara albashi ƙasa muke ci? Ni dai kada ka ƙara kawo min shinkafa sai ka sauke wannan kaya. Ba za ta wuce min maƙogwaro ba."

Kuna tsammanin daga nan na miƙe sai ofishin shugaban kwaleji? Ko kusa. Sai da na ƙara kwana biyar. Na rubuta takarda na yaga, na sake rubutawa na sa a aljihu, na yi ta yawo da ita har ta yi laushi da gumi. Na je ƙofar ofishin sau biyu na juyo, ina ce wa kaina shugaban yana da baƙi. A ƙarshe mahaifiyarku ce ta tare ni da hantsi ina zagaye gwaibar nan. Ita da ta ce in yi shiru, ita ce ta miƙo min hulata.

"Malam, je ka kai takardar nan. Gara mu koma ƙauye da mutum, da mu zauna a nan da inuwarsa."

Kwana goma sha tara ke nan cif da korar Habu. Na shiga na ajiye takardar, na faɗi komai da bakina: wanda ya kawo shawara, wanda ya amince, wanda ya karɓi kati a hannun yaro. Washegari kwamiti ya sake zama. Darakta ya musanta, ya ce ban da lafiya, daga baya aka mayar da shi wani sashe. Ni aka ce in ajiye aiki da kaina ko a kore ni, na ajiye. Amma an janye korar Habu, an ba ni takardar da ta ce ya dawo ya rubuta jarrabawarsa. Na roƙa a bar ni in kai da kaina.

Wannan karon na shiga motar Kunci. Daga can na ɗauki ɗan acaɓa, muka bi ta cikin gonaki, dammunan gero jere a bakin hanya, amalanken shanu suna kwasa. Aka nuna min gonar mahaifinsa, Malam Isiyaku. Na same shi yana ɗaure dami, dattijo siriri mai farin gemu. Na faɗi sunana. Ya miƙe a hankali, ya ba ni hannu, ya sa aka kawo min ruwa a kwanon sha. Sai da na sha sannan na ba shi takardar, na karanta masa, na gaya masa gaskiyar abin da na yi wa ɗansa. Ya daɗe yana kallon takardar a hannunsa, ko da yake ba ya karatun boko.

"Ashe bai sayar ba," ya ce. "Nan garin cewa ake ya sayar da katinsa. Ni ma na tambaye shi har sau uku, ya ce in bar zancen. Na yi masa faɗa a gaban ƙannensa, Malam. Na ce ya zubar min da mutunci." Ya naɗe takardar. "Kwana huɗu ke nan da ya bi motar shanu zuwa Kudu."

Kwana huɗu. Na tsaya a gonar nan ina lissafin ranakun da na yi ina yawo da takarda a aljihu. Muka kira wayarsa, a kashe. Aka yi aike ta bakin fatake, saƙo ya same shi bayan makonni, ya aiko cewa ya gode, amma ba zai iya sake shiga ƙofar kwalejin nan ba. Jarrabawa ta zo ta wuce.

Sauran kun sani, don a jikinku ya ƙare. Muka kwashe kaya a bayan akori-kura muka dawo ƙauye. Kabiru ya rasa shekara guda, Zainabu ta koma makarantar da babu benci, mahaifiyarku ta koma surfe da ɗiban ruwa bayan ta saba da famfo. Yaya Musa ya yi wata shida ba ya yi min magana sai gaisuwa, amma shi ne ya yanka min gefen gonarsa, ya koya min riƙon fartanya da na manta. Ban taɓa jin ɗayanku ya yi min gori ba. Sai ma kuka mayar da ni gwarzo, kuma wannan ya fi gorin ciwo.

Shekara tara ban sa Habu a ido ba. Ran nan wata Lahadi na kai tunkiya kasuwar Ɗambatta, ina ratsawa ta kara, wurin shanu, sai na ji an ce, "Koci." Ba wanda ya ƙara kira na haka tun da na bar aiki. Na juya. Ya yi jiki, ya tara gemu, yana riƙe da igiyar wani jan bijimi, ga yara biyu suna kora masa wasu. Ya zama falke sosai, ana ganin sa an ga mai rufin asiri. Ya russuna ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya yi min ta'aziyyar Inna, ashe ya ji. Ni kuwa duk maganar da na shekara tara ina shiryawa ta gudu. Da ƙyar na ce ya yafe min.

"Na yafe tun tuni, Koci. Mai bin shanu ba ya iya ɗaukar kaya a zuciya, hanya da nisa." Ya gyara riƙon igiyar. "Kuma na ji abin da ka yi daga baya, na ji abin da ya jawo maka. Allah ya saka."

Na ce ai da ka dawo lokacin da aka buɗe maka ƙofa.

Ya yi ɗan murmushi, ya dubi bijimin.

"Ka san mako biyun nan da na yi a gida, kullum in na dawo daga gona sai in je bakin hanya in zauna. Duk mashin ɗin da ya taso daga Kunci sai na miƙe. Na gaya wa Innata kada ta damu, kocinmu yana zuwa, shi zai yi wa Baba bayani. Kullum sai ta ajiye fura, ko za ka zo."

"Na zo, Habu."

"Ka zo," ya ce.

Sai wani dillali ya ƙwala masa kira, ga mai saye ya taya bijimin. Ya ce in gaida gida, ya ja igiyarsa ya shige cikin shanu. Na tsaya a wurin da tunkiyata har wani mai tura kurar kaya ya ce, Baba, ba mu hanya.

Saboda haka idan an sake tambayar ku, kada ku ce an kori babanku don ya faɗi gaskiya. Ku ce ya faɗe ta, amma sai da furar ta yi tsami.